Ina kiɗan wasannin samariya na Ƙonni da Ilela ya shiga?

Daga wakilinmu a Birnin Ƙonni

Duk wanda ya halarci biki a Birnin Ƙonni a 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake. Da la'asar sakaliya za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a tayar da janareto, sannan wani matashi ya zauna tsakanin manyan sifiku da kwamfuta ko fiyano a gabansa. Kalangun da za a ji daga cikin na'urar yake fitowa, haka goge da algaita. Hakan abin yake a Malbaza da Galmi da Ilela, kuma yawancin waƙoƙin daga Kano suke tsallakowa, ta waya ko ta memori.

Mai biki ba shi da laifi, domin sallamar mutum ɗaya ta fi sallamar makaɗa goma sauƙi. Sai dai akwai wani nau'in kiɗa da wannan yanki ya taɓa mallaka, wanda ba ya cikin kowace kwamfuta, kuma yana gab da ƙarewa tare da mutanen da suka riƙe shi a ka. Shi ne kiɗan da aka tsara musamman domin wasannin dandamali a zamanin samariya.

Yadda wasu ƙasashe ke yi da nasu

'Yan uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka sun saba ganin wani irin talla a tashoshin jirgin ƙasa: babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ake kira okesta ta simfoni, za ta yi daren kiɗan wasannin kwaikwayo masu waƙa. A irin wannan dare ba a ganin 'yan wasa da kayan ado. Makaɗa ne kawai, daga 70 zuwa 100, masu goge irin na Turawa manya da ƙanana, masu bushe-bushe da masu ganguna, da jagora guda a tsaye yana ba da alama da ƙaramar sanda. Wani lokacin a haɗa da mawaƙa biyu ko uku. Mutane na biyan kuɗi su zauna shiru suna sauraren kiɗan wani wasa da aka fara nunawa tun kafin a haife su.

Misalin da ya fi shahara shi ne West Side Story, wasan da aka buɗe a unguwar wasanni ta Broadway da ke birnin New York a 1957. Labari ne na soyayya a tsakiyar rikicin gungun matasa biyu, ɗaya daga ciki 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Puerto Rico. Leonard Bernstein ne ya tsara kiɗan. A 1961 aka tsamo sassan rawa na wasan, aka faɗaɗa su domin babbar okesta, ƙungiyar New York Philharmonic ta fara kaɗa su. Bernstein ya rasu a 1990, amma har yau da wuya shekara ta wuce ba a kaɗa wannan kiɗa a manyan birane da dama ba.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ba wani sirri ba ne. An rubuta kiɗan. Kowane makaɗi yana da takardarsa a gabansa, mai ɗauke da alamomi a kan layuka biyar, da ke nuna masa sautin da zai fitar, tsawonsa, ƙarfinsa da inda zai yi shiru. Jagora kuma yana riƙe da babban kundin da ya haɗa na kowa. Saboda haka makaɗa a Tokyo da ba su taɓa ganin mai kiɗan ba za su iya ɗaukar kundin su yi atisaye na 'yan kwanaki su hau dandamali.

Mu ma mun taɓa yi

Matashin da ya taso a zamanin TikTok zai iya ɗauka cewa wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa baƙon abu ne a ƙasar Adar. Ba haka ba ne. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta mayar da ita hanyar tattara matasa a kowace unguwa da ƙauye. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda jama'a suka fi sani da festibal, yana zagaya manyan biranen ƙasar shekara bayan shekara.

Kafin a kai ga matakin ƙasa sai an yi tankaɗe da rairaya daga ƙasa. Ƙonni da Ilela kowace na da matsayin ƙaramar gunduma a lokacin, Malbaza kuma tana ƙarƙashin Ƙonni, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Kowace gunduma za ta fitar da tawagarta a kara a matakin Tawa, waɗanda suka yi fice su wakilci jihar. Ana gasar waƙa, ana gasar wasan kwaikwayo, sannan akwai abin da ake kira bale, wato labari da ake bayarwa da rawa da waƙa da kiɗa a kan dandamali.

Balen nan shi ne ya fi kusa da abin da ake yi a Broadway. Ana ɗauko labari daga tarihin gari, ko al'adar farauta, ko aure, ko noma, ko tafiya ci-rani, a tsara shi daki-daki. Makaɗa na gefe da kalangu da ganga da goge da gurumi da sarewa da ƙwarya. Aikinsu ya bambanta da na gidan biki, inda makaɗi ke bin wanda ya fi liƙi. A nan dole kiɗa ya shigo daidai lokacin da 'yan mata suka fito, ya sauya idan labari ya koma baƙin ciki, ya tsaya cak idan mai magana zai yi magana, kuma duk a cikin mintunan da alƙalan gasa suka ƙayyade. Wannan tsara kiɗa ne a cikakkiyar ma'anarsa, ko da yake masu yin sa ba su taɓa kiran kansu da wani babban suna ba.

Ba duka ne abin yabo ba. Da yawa daga waƙoƙin wancan lokaci saƙon gwamnatin soja ne aka sa wa kiɗa: a dasa itace, a biya haraji, a yabi shugaba. Wasu kuma an tsara su ne domin a burge alƙalai. Amma ko waƙar da kalmominta suka tsufa, kiɗan da ke ƙarƙashinta na nan da darajarsa, kuma shi ne ba a adana ba.

Ni ban ga zamanin ba, an haife ni bayan ya wuce. Abin da na sani daga bakin gwaggona na ji shi, wadda ta yi rawa a tawagar samariyar unguwarsu tana budurwa. Har yanzu takan rera wata waƙa idan tana tankaɗe, kuma ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Amma akwai wuraren da takan yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ci gaba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce nan ne mai kalangu ke amsawa. Ta gwada buga amsar a kan faifai ta kasa. Mai kalangun ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaji sana'ar.

Abin da ya kashe kasuwar

Dalilan suna da yawa, kuma sun zo kusan a jere. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya tsuke. Kountché ya rasu a 1987. Bayan babban taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu barkatai, aka riƙa kallon samariya a matsayin kayan tsohuwar gwamnati, ta watse. Makaɗan da ke samun abin sa wa a baka daga atisaye da gasa suka koma gona ko suka tafi ci-rani. Wasu sun ajiye kayan kiɗa saboda dalilan addini, kuma wannan zaɓi ne da ya kamata a mutunta. Daga baya fina-finan Kano suka shigo da kiɗan fiyano, wanda ya dace da kunnen matasa da aljihun masu biki.

An yi yunƙurin riƙe wani abu. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Prix Dan Gourmou, da sunan shahararren makaɗin gargajiyar nan na Tawa, sai dai ta fi karkata ga ƙungiyoyin kiɗan zamani. A 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda ake koyar da karatun kiɗa da ake kira solfej, ake kuma ajiye kayan kiɗan gargajiya. Amma Yamai na da nisan kimanin kilomita 420 daga Ƙonni. Tsohon makaɗin da ke wani ƙauye a bayan Ilela bai san ƙofar cibiyar ba.

Takarda kaɗai ba ta isa ba

A nan akwai wata matsala da masu cewa a kwaikwayi Turawa kan tsallake. Layuka biyar ɗin an ƙirƙire su ne domin kiɗan Turai. Kalangu kuwa magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiyar a hammata, sauti ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane taken wane ake kaɗawa. Mai goge na jan sauti ta wuraren da fiyano ba ta da maɓalli. Idan aka tilasta wa irin wannan kiɗa shiga takarda ba tare da kulawa ba, abin da za a samu ƙashi ne babu tsoka.

Duk da haka wasu sun gwada, kuma sun yi nasara. A Ghana, Nana Danso Abiam ya kafa Pan African Orchestra a 1988, babbar ƙungiya mai amfani da kayan kiɗan Afirka zalla, yana tsara musu kiɗa kamar yadda ake yi wa okesta. A watan Fabrairun 2007 kuma aka nuna Bintou Wéré a Bamako, wasan da aka yi wa laƙabi da opera ta Sahel, kafin a kai shi Amsterdam da zauren Châtelet na birnin Paris a wannan shekara. Zé Manel Fortes na Gine-Bisau ne ya tsara kiɗan, da kayan kiɗan yankin irin su kora da balafon. Labarin kuwa ba zai zama baƙo ga ɗan Adar ba: wata mace mai juna biyu ce ta bi ayarin matasa suka ratsa sahara suna neman shiga Turai ta Melilla.

Akwai kuma darasi daga cikin gida. Biram, wani kayan kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma a tafkin Chadi, ya kusa ɓacewa domin gwaninsa ɗaya ya rage. A 2002 Malam Mamane Barka, da tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna wurin dattijon, Boukar Tar, ya koya, ya kuma naɗi faifai ya zagaya duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018. Haka nan kaset ɗin kiɗan Mamman Sani, wanda masu sauraren rediyon ƙasa suka daɗe suna jin sautinsa a tsakanin shirye-shirye, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, sunan mai shi ya kai inda bai taɓa zato ba. Da ba a naɗa ba, da babu abin fitarwa.

Abin da za a iya yi yanzu

Ba wanda ke cewa a gina zauren simfoni a Malbaza. Garin da ke fama da tsadar abinci da matsalar tsaro yana da abubuwan da suka fi wannan gaggawa, kuma na san wani mai karatu zai ce kiɗa ne damuwarku? Amma aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A nemo waɗanda suka rage daga tawagogin da, maza da mata, a zaunar da su a gidan matasa na kwana biyu ko uku. A naɗi kowane makaɗi shi kaɗai, sannan a naɗe su tare. A rubuta kalmomin waƙa da taken da kalangu ke faɗa, a rubuta inda kowa ke shiga da fita, da labarin da kiɗan ke rakawa. Wayar da ke hannun yawancin matasa da makirfo mai kyau sun isa a fara. Wanda ya iya solfej ya biyo baya ya ɗora nasa a kan sautin da aka naɗa.

Gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya ɗauki wasannin festibal a lokacinsu, har ana maimaita wasu a Télé Sahel. Kaset kuwa ba ya son zafi da ƙura, saboda haka mayar da abin da ya rage zuwa kwamfuta, da ba gundumomin da suka yi wasannin kwafinsu, haƙƙi ne da majalisun garuruwa da 'yan jarida za su iya nema.

Sai kuma 'yan ci-rani. Ƙasar Adar ta yi suna wajen fita neman kuɗi, daga Abijan zuwa Legas, daga Libiya zuwa Faransa, kuma ƙungiyoyinsu sun saba haɗa kuɗi a gina masallaci ko rijiya ko aji a gida. Kuɗin abinci da na mota da ɗan hasafi ga dattawa goma bai kai abin da ake kashewa a rumfa da sifiku na biki ɗaya ba. Idan aka samu sautin a hannu, matashin nan mai fiyano shi ma zai amfana, domin zai samu kiɗan garinsu da zai gina sabuwar waƙa a kai, maimakon jiran abin da aka turo daga Kano. Wata rana ma ana iya tara masu goge da kalangu da algaita 20 a filin Ƙonni su kaɗa kiɗan wani tsohon bale daga farko har ƙarshe.

Wanda ya hau dandamalin festibal na farko a 1976 yana ɗan shekara 18, yau ya doshi 70. Makaɗan kuwa galibi sun girmi 'yan rawar.