Me ya sa keken jarirai bai samu gurbi ba a zirga-zirgar Fagge da Sabon Gari?

Ana sayar da keken tura jarirai a shagunan Sabon Gari, amma da wuya a ga uwa ta fito da shi kan titi. Dalilin bai tsaya ga al'adar goyo ba. Tsarin sufurin Kano ne bai yi masa tanadi ba.

Tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta zama abin hawan talaka. An ƙera kujerarta ta baya domin mutum uku, kuma ba ta da wurin kaya na kirki. Ko an naɗe keken, sai ya cinye mazaunin fasinja, wanda direba zai nemi kuɗinsa.

Bayan sauka ma da sauran aiki. Daga Kantin Kwari zuwa Singa da Kasuwar Abubakar Rimi, 'yan tireda da masu baro da motocin sauke kaya sun mamaye gefen titi, ga kwatoci a buɗe. Jaririn da ke cikin keke yana daidai saitin hayaƙin salansa, alhali zani da majanyi suna ɗaga shi sama, su bar wa uwa hannayenta biyu. Sai dai a cikin Adaidaita, kwance goyo a rungume shi ya fi aminci, domin jingina kan matse yaro.

Hatta biranen da ke da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba su tsira ba. Na Landan, wanda aka buɗe a 1863, yana da tashoshi 272, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba tare da taka matakala ba. A sauran, iyaye na ɗaukar keke a hannu, domin saka lifta a tsohon rami na cin maƙudan kuɗi.

Abuja ta buɗe jirginta na cikin gari a 2018, Legas a 2023, Kano kuwa tun zamanin Ganduje ake maganarsa. Idan lokacin ya zo, dole a sa lifta, da ƙofofi masu faɗi, da dandamalin da ya yi daidai da bakin tarago tun a zanen farko. Tanadin da ya wadaci mai jego zai wadaci tsoho da mai keken guragu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.