BA KOWANE ZAZZAƁIN SAURO NE MALERIYA BA



Idan aka tambaye ka ina sauro ya fi yawa, na san bakin fadama za ka nuna, lokacin damina. To yau ku zo mu leƙa can ƙarshen arewacin duniya, Alaska da arewacin Kanada, ƙasar mutanen asali irin su Inuwit da Kiri. Dusar ƙanƙara tana rufe ƙasarsu fiye da rabin shekara. Kai ka ce sauro ba zai kwana ɗaya a can ba. Amma da zarar ƙanƙara ta narke, wajen watan Yuni zuwa Yuli, sai ruwa ya kwanta ko'ina, domin ƙarƙashin ƙasar a daskare yake, ba ya shanye ruwan. Ƙwan sauro da ya kwana cikin sanyi tun bara sai ya ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Yawansa har yakan kori garken karibu, wata babbar barewa ta can, su gudu bakin teku inda iska ke kaɗawa. (Af, akwai Musulmi a can ma. Garin Inubik yana da masallacinsa tun 2010.)

Sauron can ba ya ɗauke da maleriya. Abin da yake ɗauka shi ne bairos, wata ƙwayar cuta ce daban, wadda ta fi ta maleriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Biyu ne aka fi sani. Ta farko ana kiranta Jemstawun Kanyon, sunan wurin da aka fara gano ta a jihar Kolorado ta Amurka a 1961, kuma a jinin barewa take zama. Ta biyu ana jingina ta ga zomon ƙanƙara, domin a jinin wannan zomo aka fara samunta, a jihar Montana. Sauro ya ciji dabba, ya zo ya ciji mutum, shi ke nan. Mutum ba ya shafa wa mutum. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne macen sauro tana iya zuba ƙwayar cikin ƙwanta, ƙwan ya jure sanyin shekara, ɗan ya fito da cutar tun bai ciji kowa ba. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya buga misali da sauro a Suratul Baƙara, aya ta 26.

Ta yaya aka san cutar tana shiga mutane? Duk ƙwayar da ta shiga jiki, garkuwar jiki takan yaƙe ta, ta kuma bar shaida a cikin jini, kamar tabo bayan rauni ya warke. Da masu bincike suka auna jinin mutanen Alaska, da Inuwit na yankin Nunabik, da Kiri na arewacin lardin Kwibek, sai suka tarar da wannan shaida a jinin mutane da dama. Rayuwarsu ta farauta ce da kamun kifi da tsinkar 'ya'yan itace a daji, wato suna tsakanin sauro da dabbar da ke ɗauke da cutar. Mafi yawan waɗanda ta shiga ba su ma san an yi ba. Wasu zazzaɓi ne da ciwon kai da kasala, bayan 'yan kwanaki zuwa mako biyu da cizon, sai ya wuce. Amma ƙalilan takan hau musu kai, ta kumbura ƙwaƙwalwa ko ta zo kamar sanƙarau. Har yau ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin da ke kashe ta. Jinya ce kawai ake yi a asibiti har jiki ya ci ƙarfinta.

To me ya kawo wannan labari gidanka? Sunan da muka raɗa wa maleriya, zazzaɓin cizon sauro, shi ne yake ruɗin mu. Mun ɗauka sauro kaya ɗaya yake dako. Alhali mu ma muna da namu bairos ɗin: shawara, wadda ta ɓarke a yankin Alƙaleri na jihar Bauchi a 2019, denge, wadda aka tabbatar a Sakkwato a 2023, da zazzaɓin Rift Bali da ya kama makiyaya a jihar Tawa ta Nijar a 2016, wanda bayan sauro har ta jinin dabba mara lafiya da ɓarinta ake ɗauka.

Saboda haka maigida, idan yaro ya yi zazzaɓi, a fara da gwaji. In gwaji ya ce ba maleriya ba ce, kada ka tafi kemis ka ce ai ka fi na'ura sani. Maganin maleriya ba ya taɓa bairos, kafso ma haka. Ni da nake sayar da itatuwa nake gaya maka: zuma da habbatus sauda abinci ne masu albarka, a ba mara lafiya, amma ban yarda wani ya ce maka ganyensa yana kashe denge ko shawara ba. A ba shi ruwa sosai da farasitamol. Ban da asfirin, ban da ibufurofen, domin in denge ce suna iya jawo zubar jini.

Idan kuwa wuya ya sanƙare, ko ya fara sambatu, ko jijjiga, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, ko jini ta hanci ko dasashi, to ba maganar jiƙo ba ce, kuma kada a tsaya cewa iskoki ne. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Uwargida, sauron denge da shawara baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, kuma ruwa mai tsabta yake so, ba na kwata ba. A rufe randa da duro, a wanke cikinsu duk mako, a kifar da tsohuwar taya da gwangwani. Mai barcin rana ma ya shiga gidan sauro. Hayaƙin ɗaiɗoya da muka gada yana rage shi na ɗan lokaci, mutanen ƙanƙarar ma da hayaƙi suke korar nasu, amma ba ya maye gurbin gidan sauro. Ita shawara tana da rigakafi, allura ɗaya ce, ita ce ta katin nan da ake nema wurin maniyyata, kuma ana yi wa jariri a wata tara. Ki duba katin yaranki yau.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.