Labarin mutanen wata masu fukafukan jemage

A birnin Niyok na ƙasar Amurka an yi wata jarida mai suna The Sun, wato Rana. Wani mai aikin ɗab'i, Benjamin Day, shi ya kafa ta a shekarar 1833. A lokacin manyan jaridun birnin santi 6 ake sayar da su, sai attajirai ke iya saye kullum. Shi kuwa Day ya sa tasa santi 1, ya ba yara suna yawo da ita kan titi suna talla. Jaridar da ke da araha haka ba ta kawo riba sai an sayi da yawa, ba a kuwa saye da yawa sai da labari mai jan hankali.

Ran Talata 25 ga watan Agusta 1835, jaridar ta fara buga wani dogon labari. Ta ce Sir John Herschel, babban masanin taurari na Ingila, ya ƙera wani madubin hangen nesa wanda ba a taɓa yin irinsa ba, ya kai shi can ƙarshen Afirka ta Kudu, ya duba farin wata da shi, ya ga abubuwan mamaki. Jaridar ta ce ba ita ta rubuta labarin ba, kwafo shi ta yi daga wata mujallar masana ta birnin Edimbara. Ta ce wanda ya rubuto wa mujallar kuwa shi ne Dakta Andrew Grant, almajirin gidan su Herschel, abokin tafiyarsa, wanda ya ga kome da idonsa.

Kashi shida aka yi wa labarin, kowace rana kashi ɗaya. Ranar farko ba a ga ko ƙuda a wata ba. Bayanin madubin kaɗai aka yi, mai tsawo, cike da lissafi da kalmomin masana. An ce faɗin gilashinsa ya fi mita 7, nauyinsa ya kusa tan 7, yana kuma ƙara girman abu sau 42,000. Mai karatu ya gaji, amma ya ce a ransa: wanda ya san wannan duka ba maƙaryaci ba ne.

Rana ta biyu aka fara ganin jajayen furanni, da kurmi, da teku mai farin rairayi a bakinsa. Aka ga garken dabbobi masu kama da ɓauna, da wata akuya shuɗiya mai ƙaho ɗaya tak. Rana ta uku aka ga wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya, ba ta da wutsiya, tana tafiya da ƙafa biyu, tana rungume da ɗanta. An ce tana gina bukka, har hayaƙi na fita daga bukkokin, wato ta san wuta ke nan. Sai rana ta huɗu, ran Juma'a, aka fito da babban abin. An ce an ga mutane. Tsayinsu kamar mita 1 da santimita 20, jikinsu duk jan gashi mai ƙyalli, a bayansu kuma fukafukai marasa gashi irin na jemage, daga kafaɗa har ƙwauri. An ce suna zaune ƙungiya-ƙungiya suna hira, suna nuni da hannu, in sun so su tashi sama. Har sunan Latin aka laƙa musu, mai ma'anar mutum-jemage, kamar yadda masana ke yi wa kowace halitta sabuwa. Daga baya aka ga ɗakin ibada na shuɗin dutse mai daraja.

To, yaya za a ƙare labari irin wannan? Ran Litinin 31 ga Agusta jaridar ta ce an manta an bar madubin a buɗe da dare, da gari ya waye rana ta bi ta cikin gilashin, wuta ta kama ɗakin duban. Kafin a gyara, wata ya kauce. Shi ke nan.

Ba a ga kome daga cikin waɗannan ba. Wani ɗan jarida ne na The Sun, Richard Adams Locke, mutumin Ingila mazaunin Niyok, ya zauna ya tsara labarin daga kansa.

Ku lura da yadda ya girka tukunyarsa, don murhu uku ya yi mata. Dutse na farko gaskiya ne. John Herschel yana nan da ransa, kuma kowa ya san sunan gidansu, don mahaifinsa William shi ya gano duniyar Uranus a 1781. Gaskiya ne kuma John ya sauka kusa da birnin Kap a watan Janairu 1834 da madubinsa, don ya ƙidaya taurarin sararin kudu waɗanda ba a gani daga Ingila. Jaridu sun ba da wannan labari tun tuni. Sai dai madubinsa na ainihi faɗinsa bai kai rabin mita ba.

Dutse na biyu rabin gaskiya ne. An yi mujallar Edimbara ɗin, masana sun san ta, suna ganin girmanta. Amma ta riga ta daina fitowa da wannan suna tun ƴan shekaru kafin 1835. Mujallar da ta mutu ba ta iya tashi ta ce ban faɗa ba.

Dutse na uku ƙarya ce tsagwaronta. Babu wani Dakta Andrew Grant. Ba a haife shi ba, bai hau jirgi ba, bai leƙa madubi ba. A nan wayon yake. Da Locke ya sa magana a bakin Herschel kai tsaye, da abokan Herschel sun ce wannan ba irin maganarsa ba ce. Da ya sa sunansa shi kansa, da an ce yaushe ɗan jaridar Niyok ya je Afirka? Sai ya ƙirƙiro mutum, ya ba shi suna da lambar girma da tarihi, ya tsayar da shi tsakaninsa da masu karatu. Ba mai iya zuwa gidan Grant ya yi sallama, ba mai iya kama shi da ƙarya.

A ƙasarmu ma akwai maganar ganin wata. In mutum ya zo ya ce ya ga jinjirin watan azumi, ba a buga ganga nan take. Sai an tambaya: wane ne shi, ɗan wane gari, wa ya san shi, shi da wa suka gani? Malamai sun ce sai shaidu biyu adilai, ko jama'a mai yawa wadda ba ta haɗa baki kan ƙarya. Da mutanen Niyok sun yi wa Dakta Grant wannan tambaya, da labarin bai kwana ba.

Amma kada ku yi musu dariya da yawa. A zamanin babu waya tsakanin Amurka da Turai, babu rediyo. Wasiƙa sai ta bi jirgin ruwa mai filafilai, ta yi makonni kafin ta isa Ingila, ta yi watanni kafin ta je birnin Kap amsa ta dawo. Ga shi kuma a wannan shekara ake jiran tauraro mai wutsiya da ake kira Halley, hankalin kowa yana sama. Abin da ya fi duka, masana na gaske sun riga sun share wa ƙaryar fage. A 1824 wani masani na birnin Munik a Jamus, Gruithuisen, ya ce ya hango ganuwar birni a wata. Wani marubuci na ƙasar Sikotilan, Thomas Dick, wanda ake karanta littattafansa ƙwarai a Amurka, yana koyar da cewa wata da sauran duniyoyi cike suke da halittu masu hankali. Mutane da yawa sun daɗe suna jiran wannan labari. Abin da zuciya ke so, kunne ba ya bincika shi.

Jama'a suka yi ta tururuwa ƙofar jaridar. The Sun ta yi shelar cewa tana buga kwafi 19,360 a rana, ta ce babu jaridar da ta kai ta a duniya. Wasu jaridu suka kwafe labarin, wasu har suka nuna kamar su ma sun samu mujallar Edimbara a hannunsu, alhali babu ita. Aka tara labarin aka yi ɗan littafi, aka zana hotunan mutanen masu fukafukai ana sayarwa. Daga baya aka juya shi cikin Faransanci da Italiyanci da Jamusanci.

Duk da haka, ɗan makaranta mai allo da alli yana iya gano ƙaryar. Ku gwada. Nisan wata daga duniyarmu kamar kilomita 384,000 ne, wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram fiye da sau 400. Madubin da ke ƙara girman abu sau 42,000 yana jawo abin kusa sau 42,000. Ku raba 384,000 gida 42,000. Za ku samu 9 da ɗan ɗoriya. Ashe ko da madubin gaskiya ne, mai duba zai ga wata kamar yana tsaye nesa da shi da kilomita 9. Wane ne a cikinku ke gane launin fure, ko ya ƙirga ƙahon akuya, a ƙauyen da ke nesa da kilomita 9? Wani marubucin Amurka na wannan zamani, Edgar Allan Poe, ya yi irin wannan lissafi, ya nuna labarin ba ya tsayuwa. Locke ya san da wannan rami, shi ya sa ya ce wai ana haska hoton da fitila mai ƙarfi a ƙara masa girma. Wannan ma banza ne. Abin da gilashi bai kamo ba, fitila ba ta ƙara shi. Gilashin kansa ma ba mai iya zuba shi a lokacin. Mafi girma da aka yi aiki da shi a irin wannan madubi, na Yerkes a Amurka, an gama shi a 1897, faɗinsa mita 1 ne da ɗan kaɗan.

Ranar da kashi na shida ya fito, wata jarida mai gasa da The Sun, wato Herald ta James Gordon Bennett, ta ce labarin ƙage ne, ta kuma ambaci sunan Locke. The Sun ba ta fito fili ta amsa laifi ba. Tsakiyar watan Satumba ta yi wani rubutu mai kewaye-kewaye, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, ta ci gaba da cinikinta. Sai a 1840 Locke ya rubuta wa wata jarida wasiƙa ya ce shi ne. Ya ce nufinsa ya yi wa su Thomas Dick ba'a, ya nuna wautar masu faɗin abin da ba su gani ba da sunan ilimi. In haka ne, ba'ar ba ta kai inda aka aike ta ba, don waɗanda aka so su yi dariya sun gaskata.

Shi kuwa Herschel yana can Afirka bai san kome ba sai bayan watanni. Da aka kai masa jaridar ya yi dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa masa daga ƙasashe, ana tambayarsa labarin mutanen wata. Ya rubuta wa gwaggonsa Caroline, wadda ita ma masaniyar taurari ce, ya ce an dame shi da wannan shirme cikin harsuna huɗu. Shekara huɗu ya yi yana kwana a waje yana ƙidayar taurari, littafin aikin bai fito ba sai 1847. A wurin mutane da yawa kuwa sunansa ya tsaya kan abin da bai taɓa gani ba.

Ran 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata. Daga nan zuwa 1972 mutum 12 suka sauka can, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382. Babu iskar shaƙa a wata, babu kogi, babu ko tsinken ciyawa. Da rana zafinsa ya fi na tafasasshen ruwa. Fukafukai ma ba su da amfani inda babu iska.

Amma dabarar Locke ba ta mutu da shi ba. A 1997 wani mai ɗaukar hoto na ƙasar Ispaniya, Joan Fontcuberta, ya baje hotuna a birnin Madirid. Hotunan na wani ɗan sama jannati ne na Tarayyar Sobiyet, wai shi Ivan Istochnikov, wanda aka ce ya ɓace a sararin sama cikin kumbon Soyuz 2 a 1968, shi da karensa, hukuma kuma ta goge sunansa daga takardu. Kumbon gaskiya ne, ya tashi a watan Oktoba 1968, amma babu kowa a cikinsa. Fuskar da ke cikin hotunan ta Fontcuberta ce shi kansa, sunan ma nasa ne ya juya cikin Rashanci. Ya yi haka ne da gangan, don ya gwada wa mutane cewa hoto ma yana iya ƙarya. A 2006 wani shirin talabijin na Ispaniya ya ɗauki labarin ya watsa wa jama'a a kan cewa ya faru, ba tare da ya tambayi mai hotunan ba. Mako na gaba sai da shirin ya fito ya janye maganarsa.