Kai Yara Ganin Wuraren Tarihi a Daura a Ranakun da Kallo Kyauta Ne

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure. Duk da kusancin waɗannan yankuna da birnin, akwai yara da dama a ƙauyuka da suka karanta labarin Bayajidda a makaranta, amma ba su taɓa ganin rijiyar Kusugu da idonsu ba. Iyaye sukan ce rashin kuɗi ne. To, muna so mu tunatar da jama'a cewa akwai ranaku a shekara da birnin ke buɗe ga kowa, ba tare da an biya ko sisi ba.

Ranakun su ne na Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, inda ake yin hawan Sallah da kuma hawan Magajiya, sai bikin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. A waɗannan lokuta sarki da hakimansa da 'yan kwalkwali da makaɗa da mabusa suna ratsa titunan gari, kuma kallo na kowa ne. Abin da uba zai tanada shi ne kuɗin mota da ɗan guzuri kawai.

Wuri na farko da ya kamata a nuna wa yaro shi ne rijiyar Kusugu. Bisa ga tarihin baka, a zamanin Magajiya Daurama wani maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya iso ya kashe shi. Daga zuriyarsa ne aka ce sarakunan Hausa Bakwai suka fito: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Daga nan sai ƙofar fada, inda za a bayyana wa yaro tarihin baya-bayan nan: yadda aka dawo da Malam Musa kan karaga a 1906, da mulkin Sarki Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, da na Alhaji Muhammadu Bashar har zuwa 2007, shekarar da aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar.

Sai dai ranar da kallo ke kyauta ita ce ranar cinkoso. Saboda haka muna ba iyaye shawara su iso da wuri, su tsaya nesa da hanyar dawaki da wurin da ake harba bindigogin gargajiya. Kada babba ɗaya ya riƙi yara fiye da waɗanda zai iya sa wa ido. A rubuta sunan yaro da ƙauyensu da lambar wayar mahaifi a takarda, a sa masa a aljihu. A riƙe ruwan sha, kuma a kama hanyar gida kafin rana ta faɗi. Har ila yau, a saurari sanarwar masarauta a rediyo kafin a tashi, domin akan dakatar da hawa idan akwai dalili, kamar yadda aka yi a 2020 saboda cutar korona.

Bugu da ƙari, dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu suna da rawar takawa. Idan iyayen unguwa ɗaya suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota guda, nauyin zai ragu ga kowa. Malamai kuma za su iya tuntuɓar masu kula da rijiyar tun kafin ranar, don a tsara lokacin da ɗalibai za su shiga cikin natsuwa, kuma a haɗa da 'yan mata, tunda tarihin Daura da sarauniyoyi ya faro.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su taimaka wa makarantun karkara da motoci a irin waɗannan ranaku. Hausawa sun ce gani ya kori ji.