Tsakanin Wakanda da Kusugu: Surar Afirka a Finafinan Jarumai

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki suke nuna al'adun Afirka, a kuma auna su da abin da ƙasar Daura ta gada.

Tun daga 1918, lokacin da aka fara fim ɗin Tarzan a Amurka, surar da ake bai wa baƙar fata ita ce ta ɗan dako ko mashayin jini a ƙungurmin daji, Bature kuwa shi ne gwarzo. Saboda haka da fim ɗin Black Panther na Ryan Coogler ya fito a 2018, jama'a da dama suka ce kakarsu ta yanke saƙa. Ga ƙasar Wakanda da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, ga sarki, ga fada, ga fasaha. Har Ruth Carter ta sami lambar Oscar a 2019 saboda tufafin da ta tsara.

Sai dai mai nazari ba zai rasa abin cewa ba. An ɗauko bargon Basotho, da duwatsun wuyan Masai, da faifan leɓe na Mursi, da rubutun Nsibidi, aka haɗa da harshen Xhosa, aka ce wai al'umma ɗaya ce. Wannan kwashi-kwaraf yabo ne a zahiri, amma yana ƙarfafa tsohon zaton nan cewa Afirka gari guda ce. Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne, Arewacin Nijeriya ta bayyana sau ɗaya tak, a dajin Sambisa, inda kalmar "wallahi" ta fito daga bakin mai satar 'yan mata. Wato rabonmu ke nan a bikin.

Alhali kuwa ba jarumi muka rasa ba. Labarin Bayajida yana da duk abin da irin waɗannan finafinai ke nema: baƙo, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera, da macijiya Sarki wadda ta hana ɗibar ruwan Kusugu sai ran Juma'a, da sarauniya Daurama. Bambancin shi ne, nan akwai zuriya da wuri. Rijiyar tana nan, sarautar Magajiya tana nan, ana kuma hawan Sallar Gani. Da jihadi ya fitar da gidan sarautar Haɓe daga birni a farkon ƙarni na 19, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, kuma daga Zango aka mai da Sarki Musa gadon Daura a 1906, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a The Affairs of Daura (1978).

Duk da haka, wanda zai mai da wannan labari fim zai ci karo da tasa ƙayar: ko zai bar batun Banza Bakwai yadda yake, alhali Nupawa da Yarbawa da Jukunawa suna cikin masu kallo?