Kok-boru: Wasan ƙwace gawar akuya a kan doki da makiyayan Asiya ke fafutukar rayawa

Mahaya takwas ne ke shiga fili, huɗu daga kowane ɓangare. A tsakiyarsu akwai gawar akuya da aka yanka, aka cire mata kai da ƙofatai, mai nauyin da ya haura kilo 30.

Da an busa usur sai dawakai su yi ca a kanta. Aikin mahayi shi ne ya sunkuya daga kan sirdi ya sure ta daga ƙasa, ya danne ta da cinyarsa, ya sukwano zuwa ƙarshen fili ya jefa ta cikin wani ƙaton kasko da aka gina kamar bakin rijiya. Abokan hamayya kuwa na biye da shi, suna bangazar dokinsa da ƙirjin nasu, suna jan akuyar ta kowace kafa.

Wannan shi ne kok-boru, wasan da ya fi kowanne farin jini a Kirgizistan, ƙasa mai tsaunuka a tsakiyar Asiya. A Kazakistan ana kiran irinsa kokpar, a Afganistan kuma buzkashi.

Shi ne kuma ya fi jan 'yan kallo a Gasar Wasannin Makiyaya ta Duniya, wadda aka ƙirƙiro domin kada wasannin gargajiya na makiyayan yankin su ɓace.

Wasan da ya samo asali daga kiwo

Ma'anar kok-boru ita ce tokan kyarkeci. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a da idan kyarkeci ya addabi garke, samari kan hau dawakai su bi shi su kashe, sannan a hanyar komawa gida su riƙa ƙwacen gawarsa a tsakaninsu, kowa na son ya zama shi ne ya kai ta gaban dattawa. Daga baya akuya ta maye gurbin kyarkecin.

Akasarin wasannin waɗannan al'ummu haka suke. Kafin su zama abin kallo, horo ne ga yaron da zai girma yana gadin dabbobi a filayen ciyawa da ba su da iyaka, inda sanyi ke kisa, kuma mahara ke iya faɗo wa mutum a kowane lokaci.

A wasan er enish, mutum biyu ne ke kokawa a kan dawakai har sai ɗaya ya jawo ɗan'uwansa ƙasa. A tenge ilu, mahayi ne ke ɗaukar tsabar kuɗi daga ƙasa doki na tsaka da gudu. Akwai harbin kibiya a kan doki, akwai farauta da gaggafa, wadda Kazak da Kirgiz ke horarwa ta kamo musu yanyawa da zomo a lokacin hunturu.

Hatta wasan zaune daga garke ya fito. Toguz korgool, wanda sunansa ke nufin kashin tumaki tara, ana yin sa ne a kan allo mai ramuka 18, kowane rami da 'ya'ya tara, jimilla 162. Wanda ya fara tara 82 ya ci. Dangin wasan ayo ne na Yarbawa da oware na Ghana, kuma yana buƙatar lissafi sosai.

Yadda aka kusa rasa komai

Abin da ya sa ake maganar ceto waɗannan wasanni yana cikin tarihin ƙarnin da ya wuce.

A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin Josef Stalin ta yanke shawarar zaunar da makiyaya wuri guda, ta tattara dabbobinsu a gonakin gwamnati. A Kazakistan abin ya zama bala'i. Dabbobi suka ƙare, yunwa ta shigo, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka mutu tsakanin 1930 da 1933, mafi yawansu 'yan ƙabilar Kazak. Wasu dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa China da Mongoliya da sauran maƙwabta.

Rayuwar yawo da garke ba ta sake komawa yadda take ba. Wasannin dai ba su mutu ba, sun laɓe a ƙauyuka, ana yin su a bukukuwan aure da na suna.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sababbin ƙasashen suka shiga neman abin da za su nuna wa duniya a matsayin nasu. Kirgizistan ta sanya hoton rawanin tantin makiyaya a tsakiyar tutarta. A 2014 kuma ta shirya gasar makiyaya ta farko a garin Cholpon-Ata da ke bakin tafkin Issyk-Kul, inda ƙasashe 19 suka halarta.

An sake yi a can a 2016 da 2018, aka kai ta garin Iznik na Turkiyya a 2022, sannan Astana babban birnin Kazakistan a watan Satumban 2024, inda 'yan wasa daga ƙasashe 89 suka fafata a wasanni 21. Har Amurka ta sha tura tawagar kok-boru. An kuma bai wa Kirgizistan karɓar baƙuncin ta 2026.

Hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya kok-boru cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2017, ta ƙara da toguz korgool a 2020.

Me ake sadaukarwa?

Sai dai kafin wasan ƙauye ya shiga filin wasa na zamani, dole ya sauya kama.

A ƙauye, mahaya na iya kai ɗari ko fiye, kowa tasa ta fisshe shi, babu layi babu agogo. Mai biki ne ke saka kyauta, daga darduma zuwa doki, wani lokaci har mota. Idan an tashi a dafa naman akuyar a ci, domin ana ganin akwai albarka a cikinsa.

A gasa kuwa, kowace ƙungiya na da mahaya 12, ana buga zagaye uku na minti 20-20, da alƙalan wasa da hukuncin keta doka. Shi kansa kaskon da ake jefa akuyar, wanda ake kira tai kazan, a shekarun 1990 aka shigo da shi.

Akwai kuma batun akuyar kanta. Masu kare haƙƙin dabbobi na sukar amfani da gawa, shi ya sa a wasu manyan gasanni, ciki har da ta Astana, aka yi amfani da akuyar roba. Masu son ganin wasan ya yaɗu a duniya na ganin babu wata hanya sai wannan. Masu riƙo da gargajiya kuwa na ganin idan babu yanka, babu addu'ar dattawa, babu cin nama tare, to an bar jaki ana dukan taiki.

Ko tsakanin maƙwabta ba a daidaita ba. Kirgiz na jefa akuya a kasko, Kazak kuma na ajiye ta cikin da'irar da aka zana a ƙasa, suna cewa kaskon na jikkata mutane da dawakai. A Astana sai da aka yi gasa biyu, kuma kowace ƙasa ta lashe kofin irin nata.

Darasi daga Mongoliya

A Mongoliya, inda kiwo na yawo bai taɓa yankewa ba, bikin Naadam ne ke riƙe da wasannin. Ana yin babbansa daga 11 zuwa 13 ga Yulin kowace shekara a Ulaanbaatar, da kokawa da sukuwa da harbin kibiya.

'Yan kokawa 512 ne suka saba shiga, babu rabon nauyi, ƙato na iya haɗuwa da ƙaramin mutum. Wanda ya tsallake zagaye biyar ana ba shi laƙabin shaho, mai bakwai giwa, wanda ya cinye duka tara kuma zaki.

Sukuwar ba a zagayen fili ake yi ba. Dawakai na keta daji ne har fiye da kilomita 20, kuma ƙananan yara ne ke hawansu saboda rashin nauyi. Faɗuwa da raunuka, har da mace-mace, sun sa asusun kula da yara na UNICEF da masu fafutuka a cikin ƙasar matsa lamba, gwamnati ta ƙayyade shekarun mahaya, ta kuma wajabta hular kariya.

Amma barazanar da ta fi girma ba a filin wasa take ba. Mongoliyawa na da kalmar dzud, wato mugun hunturu da ƙanƙara ke rufe ciyawa bayan rani mai fari. Na 2023 zuwa 2024 ya kashe dabbobi fiye da miliyan bakwai, cikin sama da miliyan 60 da ƙasar ke da su a lokacin. Iyalin da suka rasa garke kan naɗe tantinsu su koma gefen birni, kuma yanzu kusan rabin al'ummar ƙasar a Ulaanbaatar suke zaune.

Yaron da ya tashi a can ba zai koyi hawa yana ɗan shekara huɗu ba, kamar yadda mahaifinsa ya koya.

Gwamnatoci na iya gina filaye, su gayyato baƙi, su raba lambobin zinare duk bayan shekara biyu. Mahayan da ke iya sure kilo 30 daga ƙasa doki na gudu kuwa, har yanzu daga bayan garke suke fitowa. Makomar kok-boru da 'yan'uwansa na rataye ne ga ko makiyayin zai iya ci gaba da zama a makiyayarsa.