Ƙafar mota ta fara kuka: abin da za ka iya gyarawa a ƙofar gida, da abin da za ka bar wa fita

Duk mai tsohuwar RAV4, CR-V ko Santa Fe a Nima da Maamobi ya san wannan ƙarar. Ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami, sai ka ji "ƙwal-ƙwal" daga ƙasan gaba. Da farko mutum yakan ƙara sautin rediyo ya wuce. Bayan wata biyu sitiyari ya fara ja gefe guda, tayar gaba ta cinye ta ciki, ranar sabunta takardar lafiyar mota a DVLA kuma tana matsowa.

Yawancin motocin nan sun sha tafiya kafin su sauka a tashar Tema. Dokar kwastan ta 2020 ta so hana shigo da motocin da suka wuce shekara 10 da waɗanda suka yi hatsari, amma gwamnati ta dakatar da aiwatar da ita, don haka tsofaffin na nan tare da mu. Da sidi ya faɗi a 2022, daga wajen sidi 6 a dala ɗaya a farkon shekara zuwa sama da 13 a Nuwamba, kayan gyara suka yi tsada a Abossey Okai. Tun lokacin masu mota da dama suka fara lissafin kuɗin aikin da za su ajiye in sun kama sifana da kansu. Lissafin ba laifi, in dai an san inda za a tsaya.

Kafin ka sayi komai, gano abin da ya mutu. Ɗaga tayar gaba, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, ka zargi boljoyin ko boris. Kama ta dama da hagu. In ta motsa, tayarod ne. Leƙa shokozoba: in mai ya jiƙa jikinta, ta gama aiki. Duba robobin loya'am, wato bushin, ko sun tsage. Sau da yawa wannan ƙarar mai tayar da hankali daga linkeji take, ɗan sandan ƙarfen da ke haɗe da sitabilaiza, wanda noti biyu ne kacal kuma shi ne mafi arha a ƙafar gaba ɗaya. Mutum nawa ne suka canza shokozoba biyu, ƙarar na nan, ashe linkeji ne?

Sai maganar kasuwa. Je da tsohon kayan a hannu da lambar shasi, domin shekarar mota kaɗai ba ta isa ba. RAV4 ta 2005 da ta 2006 ba ƙafa ɗaya suke da ita ba. Za a nuna maka sabo, a nuna maka "hom yus", wato wanda aka ciro daga motar waje. A ganina ƙarfen loya'am na hom yus ba shi da aibi, yakan ma fi wani sabon jabu ƙwari. Amma shokozoba da roba fa, ba ka san kilomita nawa suka ci ba, wanki da baƙin fenti kuwa suna ɓoye tsufa. Akwai masu sassaƙa bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Yana da arha, yana kuma daɗewa, sai dai yana da tauri: duk dukan da robar asali za ta shanye, jikin mota da bayanka ne za su sha. Shokozoba kuma biyu-biyu ake canzawa, dama da hagu.

Inda ake rasa rai shi ne wajen ɗaga mota. Lungunanmu ƙunci ne da gangara, ƙasar wani wuri yashi, wani wuri bakin kwata. Jak ɗin da ya zo da mota na canza taya ne kawai, ba na shiga ƙarƙashi ba. Bulon siminti kuwa, wanda kowa ke jawowa don yana kusa, yakan fashe lokaci guda ba gargaɗi, mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ko fiye ta sauko. Nemi fili mai daɓe, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya, ka sassauta notin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗora motar kan ƙarfen tokare na gaskiya. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin jikin motar don ko-ta-kwana. Gidan haya ne, yara ba su rabuwa da kallo. Sa wani babba ya tsare su nesa.

Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka ta sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, ga iskar teku ta Accra ta ɗora nata tsatsar. Fesa man sassauta noti tun daren jiya. Kada ka doki bakin zaren boljoyin da guduma. Gefen ƙarfen da ya riƙe shi ake doka, ko a ari abin ɓalle shi. Kada ka bar kan birki yana reto a jikin tiyonsa, ɗaure shi da waya, ka kuma lura da siririyar wayar ABS. In tayarod za ka canza, ƙirga zagaye nawa ka warware tsohon, ka mayar da sabon daidai haka, ka sa sabon fil a notin.

Ga wani abu da har wasu fitoci ke tsallakewa. Kusoshin da suka ratsa bushin ba a ɗaure su ƙarshe sai nauyin mota ya hau ƙafar. In ka ɗaure tana rataye a sama, da ta sauka robar za ta murɗe ta zauna haka, kafin damina ta zagayo ta yage, ka koma kana zagin mai shago alhali kayansa lafiya lau.

Sifirin kuwa, Malam, bar shi. A RAV4 da CR-V shokozoba a cikin sifirin take, shi kuma a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da gaban mota. Ka kwance notin tsakiya na sama ba tare da na'urar matsewa ba, zai tashi kamar harsashi. Masu ɗaure shi da igiya ko waya suna wasa da fuskarsu ne. Abin da ya fi shi ne ka ciro su a haɗe, ka kai wa fita mai na'ura ya sauya maka, ka dawo ka ɗaura da kanka. Haka ma cusa sabon bushin ko boljoyin a cikin loya'am: aikin injin matsi ne, kuɗinsa bai kai na loya'am ɗin da guduma za ta lanƙwasa ba.

Da an gama, sai wurin alaimen, ko da sitiyari ya yi kamar daidai yake. Ƙirgar zaren nan za ta kai ka can ne kawai. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya cinye sabuwar taya cikin 'yan watanni. Tafi a hankali, gilashi a sauke, kunne a ƙasa, ba ranar hawa babban titin Tema ba ce. Bayan kilomita kamar 50 ka sake bin notin taya da na boljoyin da sifana, domin in boljoyin na ƙasa ya ɓalle ana gudu, tayar kwantawa take yi a ƙarƙashin mota, sitiyari da birki duka ba su da sauran amfani.